Milimita Biyu

Ordinata ɗaya gare mu, mu biyar,
a ajin ƙurya na lise, bayan an tashi.
Linzaminta kurma ne,
sai ka danna sau biyu kafin ya ji.
Kiyari ke da wayoyi da batir,
Barira ke rubuta wa inji hankali,
ni aka ba zane.

Da ɗigo na fara.
Ɗigo ya ja layi, layi ya kewayo ya rufe,
na ce wa abin: tashi.
Ya tashi, ya yi kauri, har da inuwa.
Na huda shi ba ƙara, ba tartsatsi,
na juya shi da yatsa guda
kamar mai tayin ƙwarya a kasuwar Dole,
na ga cikinsa, na ga ƙeyarsa.

A bayan gilashin nan komai ba nauyi.
Ƙarfen da zai ɗauki bido cike da ruwa
yana shawagi kamar gashin zabo.
Ƙusa ba ta tsatsa.
Taya ba ta san rairayi ba.
In na ɓata, maɓalli biyu kawai,
ɗazu ta dawo yanzu, ba wanda ya gani.

Ba wani babban buri ba ne:
ɗan amalanke mai bin mutum da kansa
daga famfo zuwa ƙofar gida,
don Barira ta bar zuwa aji da wuya a sage.

Ran Laraba kuran ya tafi ban adana ba.
Aikin awa uku ya bi wuta.
Mushe Tanimu ya yi dariya cikin duhu,
ya ce wanda bai ɗaure akuyarsa ba
kada ya zagi kura.

Na sake. Na auna. Na ƙara aunawa.
Muka buga a takarda
muka kai wa Lawali mai walda a Sabon Gari.
Ya riƙe ta nesa da ido.
Wa ya zana? Aka nuna ni.
Ya ce, to.

Ranar haɗawa
rami ya fi sanda faɗi.
Milimita biyu.
Taya na rawa kamar haƙorin da ya kusa fita.
Na ruga gilashi: can lafiya lau,
sun rungumi juna, ko iska ba ta ratsawa.
Sandar da na zana sabuwa ce, ba ta taɓa tafiya ba.
Wadda ke hannunmu daga tsohon babur aka ciro ta,
hanyar Mirriya ta cinye mata ƙugu.

Na kai gida, Birni, cikin sak ɗina.
Babana baduku ne.
Shekara talatin yana yanka fata,
wuƙarsa ba ta da maɓallin komawa baya,
shi ya sa yakan daɗe yana kallo kafin ya sa ta.
Bai tambayi lamba ba.
Ya zura farce a tsakanin ƙarfe da ƙarfe,
ya lumshe ido,
ya jawo guntun jar fata daga tarkacen jiya,
ya fiƙe bakinta, ya naɗa, ya tura.
Ya girgiza.
Shiru.

Washegari ya yi taku, in taya na taku,
daga ƙofar aji zuwa gindin dalbejiya,
ruwan bido na ƴar rawa,
Kiyari na bin sa da ihu, takalmi a hannu,
har wani ɗan dutse ya tsayar da shi.
Damagaram ba ta rasa dutse.

Da yamma na koma na zana zoben nan,
siriri, milimita ɗaya kowane gefe.
Ordinata ta tambaye ni: da me aka yi shi?
Ta jero mini baƙin ƙarfe, gorar ruwa, roba, tagulla.
Na duba har ƙasa, babu.
Na buɗe sabon gurbi,
na danna sau biyu don ta ji,
na rubuta:
fatar akuya, jemar Birni, hannun Baba.

Sannan na adana.